Talla Ko Aiki? Nazari Kan Haƙƙin 'Yan Wasa a Ƙarin Faifan Bidiyo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ma'anar kalma guda cikin yarjejeniya ke iya hana ɗan wasa ladan guminsa. An ɗauki misalai daga masana'antar fim ta Amurka, musamman abin da ya shafi ƙarin da ake cusawa a faifan bidiyo, wato sharhin baka, da hirarraki, da fitowar da aka yanke.

2.0 Shari'ar Peggy Lee

Mawaƙiya Peggy Lee ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Disney a 1952, ta ba da muryarta a fim ɗin Lady and the Tramp na 1955. Yarjejeniyar ta hana kamfanin sayar wa jama'a "transcriptions" ba da izininta ba. A wancan zamani faifan da ake naɗa wa gidajen rediyo kalmar ke nufi, kaset ɗin bidiyo kuwa ko mafarkinsa ba a yi ba. Da fim ɗin ya fito a kaset a 1987, sai ta kai ƙara, tana mai cewa kalmar ta haɗa har da shi. Kotu ta yarda, a 1991 aka yanke mata dala miliyan 2.3. Ga manazarcin ilimin ma'ana, wannan faɗaɗar ma'ana ce tsantsa, sai dai alƙali ne ya tabbatar da ita, ba ƙamus ba.

3.0 Matsayin Ƙarin Faifai

Kamfanin Criterion ne ya fara saka sharhin baka, a faifan King Kong na 1984. Da faifan DVD ya yaɗu daga 1997, irin wannan ƙari ya zama abin jan hankalin mai saye. Amma kamfanoni sun fi ɗaukarsa a matsayin "talla", ita kuwa talla wajibi ce da ɗan wasa ya riga ya ɗauka, ba a biyansa daban. Wannan fassara tana da rauni. Talla kira ce zuwa ga haja; abin da aka naɗa cikin faifai, aka rubuta sunansa a bango, aka sayar, ai shi kansa haja ne.

Ko kason da ake ba 'yan wasa bai taka kara ya karya ba. Tsarin da aka kafa a tsakiyar shekarun 1980 ya ware kashi 20 cikin ɗari na cinikin bidiyo, daga nan ne ake cire musu kashi 4.5 zuwa 5.4, wato kimanin dala ɗaya cikin ɗari, su raba gaba ɗayansu. Mai ƙarfin suna kan yi nasa cinikin: an ruwaito cewa Arnold Schwarzenegger ya karɓi dala 75,000 don sharhin Total Recall. Ƙaramin ɗan wasa kuwa, wanda aka dawo da fitowarsa da aka yanke, ba shi da bakin da zai nemi a sake wa aikinsa suna.