Mai Karatun Fuskar Bakwaini

Babba idan ciwo ya dame shi, sai ya ce "wayyo" ya nuna wurin. Bakwainin da ke kwance a kwalba, an zura masa bututun numfashi har maƙogwaro, ko kukan ma ba ya fita. Baki yana buɗewa, murya shiru. A nan ake gane ma'aikaciyar jinyar da ta san hannunta.

Kafin allura ta taɓa diddigensa, za ta tsaya ta ƙura masa ido na daƙiƙa 15, ta duba bugun zuciya da yawan iskar oksijin a jininsa. Bayan an huda, sai ta ƙara wasu daƙiƙa 30 tana neman abu uku a fuskar da ba ta kai tafin hannu ba: ko goshi ya tattare, ko ya runtse ido da ƙarfi, ko layin nan da ya sauko daga gefen hanci zuwa leɓe ya yi zurfi. Kowanne da makinsa. Wannan shi ne ma'aunin zafin ciwo na PIPP, wanda Bonnie Stevens da abokan aikinta suka fitar a Kanada a 1996.

Abin da ya fi burge ni a ma'aunin shi ne yadda yake ƙara wa mai rauni maki tun kafin a taɓa shi. Jaririn da, a lissafin makonnin ciki, har yanzu bai cika mako 28 ba, ana ba shi maki uku kyauta, don an san ba shi da ƙarfin da zai yamutsa fuska. Wanda bai sani ba zai gan shi lamo ya ce, "Kai, yaron nan da haƙuri yake." Ita kuwa ta san wani shirun na galabaita ne.

Kada a ɗauka tun fil'azal haka ake yi. Har cikin shekarun 1980, likitoci da dama na ganin jarirai ba sa jin zafi sosai, har akan yi musu tiyata da maganin da zai hana su motsi kawai. Binciken Dakta Anand a Oxford, wanda ya fito a 1987, ya taimaka wajen rushe wannan tunani. Wani binciken kuma na yankin Paris a 2008 ya gano cewa jariri a sashen kulawa ta musamman yakan sha huda da zuƙar majina da makamantansu kusan sau goma a rana.

Da zarar maki ya hau, ma'aikaciyar jinyar ba ta tsayawa ga rubutu a takarda. Za ta ɗiga masa ruwan sukari na asibiti a harshe minti biyu kafin huda ta gaba, ta tattaro hannuwa da ƙafafunsa cikin tafukanta, ko ta kira uwar: "Maman jariri, zo ki ɗora shi a ƙirjinki." Idan abin ya wuce haka, ta nemi likita ya rubuta magani.

Uwa, in an kira ki, kada ki tsaya a bakin ƙofa kina juya baya. Ki shiga.