Zaɓen 'Yan Tsana a Wasannin Yara na Talabijin

Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta iso Kaduna cikin 1962. Amma tun kafin haka mutanen Arewa sun san wasan 'yan tsana. Cikin 1935 R. E. Ellison ya rubuta labarin irin wannan wasa da ya gani a Barno. Mai wasa yakan ɓuya cikin babbar riga, ya ɗago 'yan tsana sama, ya sa wani abu a baki don muryarsa ta sake, wani kuwa na waje yana maimaita wa jama'a abin da suka faɗa. Hausawa suna kiransa dabo-dabo. Abin lura shi ne, ba a barin 'yar tsana ita kaɗai, sai an zaɓa mata murya da abokin magana. Da wannan ma'auni ya kamata a auna na talabijin.

Cikin 2011 NTA ta fara nuna Sesame Square, watau reshen Sesame Street da aka soma a Amurka cikin 1969. 'Yan tsana biyu ne manyan 'yan wasansa. Ta fari ita ce Kami, wadda aka aro daga Afirka ta Kudu, inda ta fara fitowa cikin 2002. An yi ta a matsayin yarinya 'yar shekara 5 mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Wannan zaɓe ya yi kyau ƙwarai, gama da yarinya ta gaske aka sa, da tsangwama ta bi ta har gida. 'Yar tsana kuwa tana iya faɗin ciwonta a fili, yara su ga tana wasa da kowa, ba wanda aka tozarta.

Na biyu shi ne Zobi, direban tasi mai tsananin son doya. A nan ne akwai magana. A ɗauki yaron Danwarai, cikin ƙasar Aliero ta Jihar Kebbi, inda gero da dawa su ne abinci, albasa kuwa ita ce dukiyar manomi. Doya a wurinsa abin sayowa ce daga kasuwa, irin ta Jega, ba abin da yake kwana yana tashi da shi ba. Dariyar kwaɗayi kuwa ba ta kama yaro sai in abin da ake kwaɗayin nasa ne. Sa'an nan ga batun harshe. An fara wasan da Turanci, kuma ko an juya shi da Hausa, in muryar Kano aka ba 'yar tsana, yaron da ya tashi da Sakkwatanci zai gane ta, amma zai ɗauke ta baƙuwa.

Wani zai ce ai magani a gonar yaro yake, sai a ɗauko Gizo da Ƙoƙi, waɗanda ke cike da tatsuniyoyin da Frank Edgar ya fara bugawa cikin 1911. Gaskiya ne Gizo ya zo da muryarsa, watau tsamin bakin nan da kowane yaro ke kwaikwayo. Amma fa Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama. Idan aka naɗa shi malami, ko dai a wanke shi har ya daina zama Gizo, ko kuwa yara su ƙi gaskata abin da ya koyar. Wurin da ya dace da shi shi ne na mai kuskure: ya ƙirga albasa bakwai ya ce biyar ne don ya ɓoye biyu, Ƙoƙi ta tsaya tana dubansa, yara su riga ta kama shi. Yaron da ya gyara wa Gizo lissafi ya riga ya iya lissafin. Ƙoƙi kuwa ta gaji aikin mutumin nan na waje a dabo-dabo.

Saboda haka malaman kwalejojin horon malamai, waɗanda ɗalibansu za su ɗinka 'yan tsana da tsumma don aji ɗaya, ya kamata su sa su amsa tambaya uku kafin su ɗauki allura: da muryar wa za ta yi magana, me take kwaɗayi, wa kuma zai gyara mata in ta ɓata.