Sojan Littafi da Sansanin Yamai

A littattafan da muke karantawa ta waya, soja ya zama angon zamani. Kyakkyawa ne, miskili, Kyaftin ko Manjo. Da zarar mai rubutu ya so budurwa ta yi kewarsa, sai a tura shi aikin wanzar da zaman lafiya a "ƙasar waje". Bayan shafi biyu ya dawo da tsaraba. Wace ƙasa ya je, wa ya kai shi, wa ya ciyar da shi? A nan labarin yakan yi shiru.

Alhali abin a maƙwabta ya faru. Daga 2013 zuwa ƙarshen 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta girke rundunar MINUSMA a Mali, domin kare farar hula da maido da ikon gwamnati a arewacin ƙasar. Sama da ma'aikatanta 300 sun rasa rayukansu. Wani ɓangare na aikin kuwa da Yamai ya dogara. Jamus na da sansanin jiragen jigila a filin jirgin saman birnin, ta nan ake kai dakaru da kaya Gao, a kwaso masu rauni. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, sojojin Faransa suka fice a Disamba, na Amurka suka bar Agadas a Agustan 2024, Jamus ta rufe nata sansani a ƙarshen watan.

Mu masu haɗa manhaja mun san cewa abin da ake gani a fuskar waya kaɗan ne, aikin yana can baya. Kaki da bindiga su ne fuskar, sansani shi ne bayan: tafinta, direban tankar mai, mai wanki, mai dafa abinci. Ranar da jirgin ƙarshe ya tashi, ina suka nufa? Tafintan da ya ci abinci da baƙi shekaru, da wane ido unguwarsu ta kalle shi lokacin da ake zanga-zangar korarsu? Ga labari a kwance, amma da wuya mu ci karo da shi.

Mu a ƙasar Gumel ba mu ga jiragen ba, amma juyin mulkin da ya kore su ya taɓa tukunyarmu. Daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 Nijeriya ta rufe iyaka. Kasuwar Alhamis ta Maigatari, wadda dabbobin Damagaram ke cika wa kara, ta ji jiki, dillali da ɗan dako kowa ya ɗanɗana.

Ba mu ce a daina rubuta soyayya ba. Amma marubucin da ya aika gwarzonsa fagen daga, ya daure ya bi shi har can, ya kira garin da sunansa, ya nuna mana wanda ke ɗebo masa ruwa.