Uwa a Ma'aunin Laifi: Sharhi kan Wani Giɓi a Nazarin Laifuka na Matantaka

Tun da Carol Smart ta fitar da littafinta Women, Crime and Criminology a 1976, masu nazarin laifuka bisa ra'in matantaka a Ingila sun fi karkata ga mace iri biyu: wadda ta aikata laifi da wadda aka zalunta. Uwar mai laifi da uwar wanda aka kashe kuwa sun daɗe a gefe.

Abubuwa biyu da suka faru a Ingila a 1993 sun isa misali. A watan Fabrairu, yara biyu 'yan shekara 10 suka kashe James Bulger, ɗan shekara 2, a yankin Liverpool. Jaridu suka yi caa a kan iyayen yaran mata, ubanni kuwa ba su sha irin wannan suka ba. Ita kanta mahaifiyar mamacin ba ta tsira ba, domin wasu sun zarge ta da sakaci. A watan Afrilu kuma, wasu samari fararen fata suka kashe Stephen Lawrence, baƙar fata ɗan shekara 18, a Landan. Mahaifiyarsa Doreen ta yi ta fafutuka har rahoton Macpherson na 1999 ya tabbatar da wariyar launin fata a tsarin 'yan sandan birnin. Sai a 2012 aka ɗaure mutum biyu.

A zahiri an zargi wasu, an yabi wata. Amma ma'aunin ɗaya ne: ana auna uwa da abin da ya sami ɗanta ko abin da ya aikata. Nagari na kowa, mugu sai mai shi, kuma mai shi ɗin nan uwa ake nufi.

Rachel Condry ta rage wannan giɓi a littafinta Families Shamed na 2007, inda ta nuna yadda abin kunya ke tsallakawa daga mai laifi zuwa danginsa, akasari mata. Sai dai yawancin waɗanda ta zanta da su 'yan ƙungiyar taimakon juna ne, don haka muryar uwar da ta rufe ƙofa ta yi shiru ba ta fito sosai ba.

Aikin da ya rage shi ne a nazarci iyayen biyu tare. Muddin ana raba su, za a ci gaba da tuhumar tarbiyya, a kyale talauci da wariya da sakacin hukuma.