Fassarar Almajiran Wycliffe da Darasinta ga Masu Wa'azi da Hausa

Duk mai bi da tunanin tarihin Littafi Mai Tsarki na Hausa, daga nan Kongo zuciyarsa kan nufi Wusasa. Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, aka mai da mishan Wusasa a 1929, a 1932 kuwa aka buga cikakken Littafin da shi da abokan aikinsa suka fassara. Amma wahalar da suka sha ba sabuwa ba ce. Wasu mutanen Ingila sun riga su shanta da fiye da shekara ɗari biyar.

John Wycliffe shehin malami ne a jami'ar Oxford, ya rasu a Lutterworth a 1384. A zamaninsa da Latin ake karanta Maganar Allah, harshen da manomi bai sani ba. Almajiransa suka fassara ta duka da Turanci har sau biyu, kuma a tsakanin fassarorin nan biyu ne darasinmu yake.

Ta fari, wadda aka kammala wajen 1384, ta bi sawun Latin kalma bayan kalma, har da jerin kalmomin. Niyyar masu aikin abar girmamawa ce, gama tsoron Allah ya hana su taɓa ko da wasali. Duk da haka aikin ya gaza. Kalmomin na Turanci ne, ginin jimlar kuwa na Latin, sai talakan da aka yi dominsa ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe. Ta biyu, wadda ta fito wajen 1395, ta gyara wannan. Mai gabatarwarta ya bayyana cewa ma'anar jimla ce abin bi, muddin ba a kauce wa nufin nassi ba. Jama'a kuma suka yanke hukunci da kansu. Ko da yake Babban Bishop Arundel ya hana fassara ba da izinin bishop ba a 1409, har aka tone ƙasusuwan Wycliffe a 1428 aka ƙone, aka zuba tokar a kogin Swift, kwafe wajen 250 na hannu sun tsira har yau, mafi yawansu na fassara ta biyu ne.

Ba mu ce ta biyun ba ta da aibi. Ita ma daga Latin aka ɗauko ta, ba daga Ibrananci da Helenanci ba, fassarar fassara ke nan. Amma ta gane abin da ta farin ta rasa: amana ga nassi ba ta cika sai mai sauraro ya fahimta. Dalili irin wannan ne ya sa aka sake fassara Littafinmu na Hausa a 1979.

Ɗan'uwa mai wa'azi, ka auna kanka. Da yawa cikinmu da Turanci muke nazari, ranar Lahadi mu juye shi cikin Hausa kalma bayan kalma, tsohuwa tana gyaɗa kai saboda ladabi, ta koma gida da yunwarta. Wannan ita ce fassara ta fari, mun sake ta a kan bagade. Kafin ka hau, ka faɗa wa mahaifiyarka saƙon a tsakar gida. In ta gane, ikilisiya za ta gane.

Ya Ubangiji, ka ba mu harshen da tumakinka za su ji. Amin.