Matanin Injiniyoyi: Nazari a kan Shafin Jagora na Manhajar Loda Bayanai

Cikin nau'o'in rubutun da zamani ya zo da su akwai wani wanda ba a karantar da shi a sashen adabi, alhali kuwa yana da babuka da isɗilahai da ƙa'idoji tsararru kamar kowane fanni na ilmi, kuma ya haura shekara hamsin ana rubuta shi a kan siga guda. Shi ne shafin jagora, wanda ke bayyana idan mutum ya buga kalmar man a baƙin allon kwamfuta mai tsarin Unix ko Linux, ya bi ta da sunan umarnin da yake neman sani. Asalinsa daga ɗakunan bincike na Bell ne, a jihar New Jersey ta Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da bugun farko na littafin jagorar Unix a watan Nuwamba na 1971, bisa matsawar shugabansu Doug McIlroy. A wannan bugu kowane umarni ya sami shafinsa, a kan jeri ɗaya: suna, siga, bayani, fayilolin da abin ya shafa, inda za a ƙara dubawa, aibobin da aka sani, sa'an nan sunan wanda alhakin umarnin ke wuyansa, domin a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in abu ya ɓaci.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da Muhtasar na Shaihu Halilu a hannunsa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Halilu, a muƙaddimar littafinsa, ya shimfiɗa wa mai karatu alamominsa, ya sanar da shi lafazin da yake nufin Mudawwana da shi, da wanda yake nuni da shi ga Lahmi ko Ibnu Yunus ko Ibnu Rushdi ko Maziri, sa'an nan ya ci gaba da taƙaita ibara har ta kai harafi ɗaya yana ɗauke da hukunci. Haka babin siga yake a shafin jagora. Abin da aka rubuta da harufa masu kauri, a buga shi yadda yake; wanda aka ja wa layi, a musanya shi da sunan fayil ko na jadawali; wanda aka sa cikin baka mai kusurwa mustahabbi ne, ana iya barinsa; ɗigo uku na nufin a maimaita in ana so; tsayayyar sanda kuwa zaɓi ce tsakanin abu biyu. Matani ne, ba sharhi ba, kuma kamar kowane matani an rubuta shi ne domin wanda ya riga ya sani yana neman tuni. A nan ƙarfinsa yake, a nan kuma rauninsa, domin Halilu ya sami Dardiri ya yi masa sharhi, Dasuƙi ya ɗora hashiya, amma galibin shafukan jagora marayu ne.

Wannan magana ba ta nesa ba ce ga mutumin Gadarif ta Sudan. Gari ne na lissafi tun da aka soma noman damina da injina a yankin a tsakiyar shekarun 1940: gonaki da faddan, dawa da ardabi, riɗi da ƙinɗari, da bashin banki da ake biya bayan girbi, kuma Hausawa da kakanninsu suka yada zango a nan a kan hanyar Makka suna cikin wannan lissafi, manoma da 'yan kasuwa. Duk irin wannan rajista, ranar da aka yi niyyar fitar da ita daga jadawalin Excel zuwa rumbun bayanai na sosai, sai ta ratsa ta hannun manhajar lodi, wadda ke karanta dubban layuka ta zuba kowane a gurbinsa. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, da kwararowar jama'a da Wad Madani ta faɗi a Disamba, da yankewar layukan sadarwa a kusan dukan Sudan a Fabrairun 2024, ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta ya san cewa akwai ranar da ba shi da intanet ɗin da zai tambaya, ba shi da kowa sai shafin da ya zo tare da manhajar. In shafin nan ya yi tuntuɓe, babu mai tashe shi.

Tuntuɓen kuwa galibi a wajen tsara rubutu yake faruwa. Ana rubuta shafin jagora ne da harshen roff, wanda Joe Ossanna ya faɗaɗa ya zama troff a 1973 domin injin ɗab'i, kuma a cikinsa duk layin da ya fara da ɗigo umarni ne ga mai tsarawa, ba rubutun karantawa ba. Saboda haka idan marubuci ya kawo misalin fayil wanda wani layinsa ya fara da ɗigo, bai kuma sa masa alamar kariya ba, layin zai ɓace ɗungurungum, ba tare da mai karatu ya san an rage kome ba. Malaman hadisi sun ware babi guda a kan tas-hifi, wato kuskuren mai kwafe da ke gusar da ɗigo ya sauya sunan mai ruwaya, kuma ban ga abin da ya raba wancan da wannan ba.

Ga misali na kusa. A tsarin rubutun da umarnin COPY na rumbun bayanai na PostgreSQL ke karɓa, gurbin da ba a san abin da ke cikinsa ba ana nuna shi da \N, kuma bambancinsa da gurbin da aka rubuta sifili ba ƙarami ba ne: manomin da ba a auna riɗinsa ba tukuna daban yake da wanda bai girbe kome ba. To, sandar nan mai jirge ita ce harafin da roff ke fara umarninsa na cikin layi da shi, \N kuma umarni ne a wurinsa. Wanda ya rubuta ta kai tsaye, abin da zai fito a allo ba shi ya nufa ba, sai in ya rubuta \e a madadin sandar. Haka kuma karan ɗori. A roff, ɗan layin da ke haɗa kalma biyu daban yake da wanda ake farawa da shi wajen ba manhaja zaɓi, ko da yake ido ba ya rarrabe su. Da groff 1.23, mai tsara rubutun roff, ya fito a 2023 sai ɓoyayyen aibi ya tonu: mutane suka riƙa kwafe umarni daga shafi suna liƙawa, kwamfuta tana ƙin karɓa, har masu kula da Linux na Debian suka mayar da tsohuwar al'ada ta sassauci, domin shafukan da ke da wannan kuskure sun fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma ɗabi'ar roff ta cika layi, wato ya tattaro gajerun layuka ya jera su har su cika faɗin allo. Ga zance wannan ado ne, ga misalin fayil kuwa halaka ce, tun da a fayil ɗin lodi ƙarshen layi shi ne ƙarshen bayanin mutum guda. Wajibi ne a kashe cikawar da .nf kafin misali, a mayar da ita da .fi bayansa.

Masana sun daɗe suna saɓani a kan hanyar da ta fi. Tsohon salo, wanda ya zo da bugu na bakwai na Unix a 1979, yana faɗin kamannin rubutu ne kawai: wannan mai kauri, wancan mai layi. Salon mdoc na mutanen Unix na BSD kuwa yana faɗin matsayin kalma: wannan zaɓi ne, wancan sunan fayil ne, sai inji ya yanke yadda za ta fito. Wasu kuma a yau ba sa taɓa roff sam, sai su rubuta da Markdown, pandoc ya juya musu. Ni a ganina mdoc ya fi lafiya ga manhajar da zaɓuɓɓukanta suka yi yawa, domin yana hana marubuci saɓa wa isɗilahinsa tsakanin farkon shafi da ƙarshensa. Wanda kuma ya zaɓi juyi, to, kada ya saki shafin sai ya buɗe shi da man, ya kwafe kowane misali ya gwada shi da hannunsa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne jerin babuka. Al'ada ta gada a jera zaɓuɓɓuka bisa haruffa, kuma wannan daidai ne ga umarnin da ke nuna sunayen fayiloli, wanda in an yi kuskure ba a rasa kome. Manhajar lodi ba haka take ba, tana rubutu cikin dukiyar mutane. A mysqlimport akwai zaɓin --delete, wanda ke kwashe duk abin da ke cikin jadawali kafin ya zuba sabo, kuma manhajar tana ɗaukar sunan jadawalin ne daga sunan fayil. A pg_restore akwai --clean, mai rushe abin da ya tarar kafin ya sake ginawa. Irin waɗannan bai kamata su zauna a sahu ɗaya da zaɓin rage surutu ba, kamar hukuncinsu guda. Haƙƙinsu ne a ware musu fasali, a faɗi ƙarara abin da ke salwanta. Haka nan makomar layin da ya lalace: COPY ya daɗe yana soke lodin baki ɗaya saboda layi guda, sai a bugu na 17 na PostgreSQL, a 2024, aka ƙara damar tsallake wasu irinsu, alhali pgloader na Dimitri Fontaine yana ware ɓatattun layuka a fayil na dabam ya ci gaba da sauran. Kowace hanya tana da hujjarta, amma mai lodi yana bukatar sanin wadda aka bi kafin ya danna, ba bayan ya ga jimillar buhuna ta ƙi daidaita ba.

Sa'an nan shafin da zai amfani Gadarif ko Kano dole ya yi magana a kan harufa. Sunayen manoman Gadarif da Larabci ake rubuta su, tsofaffin fayiloli da yawa kuma da tsarin Windows-1256 aka adana su, rumbun zamani kuwa UTF-8 yake jira. Lambobin Hindiyya da ake rubutawa a Sudan ba lalle gurbin adadi ya karɓe su ba. Ɓ da ɗ da ƙ na boko su ma sukan koma alamar tambaya in an yi sakaci. Misali ɗaya mai layi uku, da suna na Larabci da kwanan wata da gurbi maras kome, tare da cikakken umarnin da ya loda shi, ya fi sakin layi goma na bayani. Abin da manhajar ta kasa kuwa, wurinsa babin aibobi ne, wanda mutanen Bell suka sa tun bugun farko suka kuma cika shi da hannunsu, kuma duk manhajar lodin da ba ta iya karanta lambobin Hindiyya ba, a nan ya wajaba ta faɗa.