Takardar Kairos ta 1985: Sulhu da Adalci a Bakin Ikilisiya

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna wata 'yar takarda da malaman Kirista na Afirka ta Kudu suka fitar a watan Satumba na 1985, wata biyu bayan gwamnatin P. W. Botha ta kafa dokar ta-ɓaci. Sun raɗa mata suna Kairos, kalmar Helenanci mai nufin lokacin yanke shawara. A Soweto aka ƙulla ta, Frank Chikane yana cikin jagororinta, mutum fiye da 150 kuma suka sa mata hannu.

Abin da ta ƙunsa

Marubutan sun kasa tauhidin ƙasarsu gida uku. Na farko shi ne tauhidin hukuma, wanda ke fakewa da sura ta 13 ta Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa don tilasta biyayya ga mulkin wariyar launin fata. Na biyu shi ne tauhidin ikilisiya, na shugabannin da ke ƙin wariya da baki amma suna kiran kowane ɓangare ya yi haƙuri a sasanta. Na uku, wanda suka zaɓa, shi ne tauhidin annabci, wato a kira azzalumi da sunansa, a tsaya tare da wanda aka zalunta.

A ganinmu ƙarfin takardar yana wajen sukar kashi na biyu. Ta nuna cewa sulhu magani ne na saɓani tsakanin tsara, ba ya yiwuwa tsakanin mai danniya da wanda ke ƙasa sai an tuba an gyara. Wannan suka ta taɓa manya. Desmond Tutu kansa bai sa hannu ba.

Inda ta gaza

Sai dai takardar ta raba al'umma gida biyu kawai, ta kuma gargaɗi ikilisiya kada ta zama rukuni na uku, ta shiga gwagwarmayar jama'a kurum. Wannan ya dace da 1985. To, amma da kiɗa ya sauya a zaɓen 1994, waɗanda aka mara wa baya suka hau mulki, ba ta bar wa ikilisiya ma'aunin da za ta auna su da shi ba.

Misalai biyu sun isa. Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta fara zama a 1996 ƙarƙashin Tutu, ta yi afuwa bisa faɗin gaskiya duka, ba ta sa tuba cikin sharuɗɗa ba. Haka kuma batun ƙasar noma: dokar 1913 ta keɓe wa baƙar fata wajen kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, ta 1936 ta ɗaga shi zuwa 13, amma takardar ba ta shimfiɗa hanyar sake rabo ba. Da 'yan sanda suka harbe mahaƙa 34 a Marikana ranar 16 ga Agusta 2012, gwamnatin da talakawa suka zaɓa ce ke kan gado.

Kammalawa

Mun ga ke nan takardar ta yi daidai da ta gindaya adalci kafin sulhu. Kuskurenta shi ne ɗaure muryar ikilisiya da ƙungiyar gwagwarmaya, alhali talaka yana bukatar mai yi masa magana ko a gaban wanda ya jefa wa ƙuri'a.